Awo Goma na Ruwa

Tasawa, 14 ga Janairu, 1985

Zuwa ga bawana Mutari, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ina gajiya, ina aiki? Mu nan da sauƙi. Baba shina gaishe ka, ya ce in tuna maka har gobe shi ne kawunka, ko da ka zama ɗan birni. Ɗiyata Lailatu ta yi zawo watan jiya har na fid da rai, amma ta tashi, sai dai ta koma ƴar ƙarama kamar ba ta shekara huɗu ba.

Rubutun nan da hannuna na yi shi. Karatun manyan da ka yi ta yi min dariya a kanshi, yau ga ranarshi.

Ka dai ji mun baro ƙasar Mayahi. Gero ko kai bai fitar ba bana, rijiyar garinmu ta koma laka. Maigidana Sanda ya tafi Najeriya nema tun kafin a rufe iyaka, har yau ko saƙon baki babu. Muna zaune cikin wani kango bayan tasha, ni da Baba da Lailatu. Sojoji suna rabon jar dawa, amma sai mutum ya wuni a layi, wata rana kuma ya komo da kwanonshi wayam.

Allah ya taimake ni na samu shara da wanke-wanke a gidan wani ma'aikacin gwamnati. Matarshi Madam Kadijatu ake ce mata. Ladan ba wani abu ba ne, sauran tuwo ne da abin da ba a rasa ba. Abin da ya riƙe ni famfo ne. Kullum in na gama sai a bar ni in cika bokiti biyu in kai gida. Bokiti biyun nan su ne shanmu, su ne girkinmu, su ne alwalar Baba. In na rasa su, Mutari, ban san inda zan sa kaina ba.

To ga damuwar. Gidan yana da ban ɗaki irin na nasara, mai farar tasa ta zama, ƙasa kuma an manna mata karo, wannan farin dutse mai santsi. Ruwan garin nan ya sa duk ya yi kanta, ja-ja kamar tsatsa. Na sa toka, na sa rairayi, na sa sabulu, na goga har farcena ya karye, ko gezau. Madam tana da ciki tsoho, ta ce kafin suna baƙi za su zo daga Maraɗi, in bai yi fari ba za ta nemi wata. Ba sai ta wahala ba kuwa, kullum akwai mata sun kai ashirin zaune a ƙofar gida suna jiran a ce ana son mai aiki.

An ce min kai ma ban ɗaki kake wankewa a otel ɗin nan naku. Ka ga ikon Allah! Ni ɗiyar namiji, kai ɗan mace, ni ya kamata ka riƙa yi wa shara, ga shi mun haɗu a tsintsiya. Don Allah me kuke sawa yake yin fari? In abin aikowa ne ka ba Dauda direba, shina zuwa Tasawa duk sati biyu.

Uwargijiyarka,
Saudatu

*

Yamai, 2 ga Fabrairu, 1985

Zuwa ga uwargijiyata Saudatu, sarauniyar ban ɗakin Tasawa.

Ranki shi daɗe, bawanki ya ga takarda. Sai da na juya ta sama da ƙasa kafin na gane ba sawun kaji ba ne. Ina gaishe da Kawu Na Allah da kyau, a shafa min kan Lailatu. Mu ma nan lafiya, sai bayana da ke ciwo. Ɗaki talatin da biyu nake wankewa kullum, in na komo gida ko magana ba na so. Garin nan ma ya cika da mutanen ƙauye, sauran labari sai mun haɗu, ba komai ake sawa a takarda ba yanzu.

Na ba Dauda kwalba guda ta litir, da safar hannu ta roba. Abin da ke ciki asid ake ce mishi, ɗan'uwan ruwan batir ne. Na ɗaura wa kwalbar jan ƙyalle a wuya don kar wani shi ɗauka ruwa ne, na kuma gaya wa Dauda abin da zai ce in jandarma sunka tambaya a hanya. Ki aje ta inda hannun Lailatu ba ya kaiwa, kar kuma ki juye a wata kwalba ko da Sarkin Tasawa ne ya roƙe ki.

Yanzu ki buɗe kunnuwan nan naki da ba su taɓa jin magana ba. Ki nemi bokitin roba, ban da na ƙarfe, don shina cin ƙarfe. Ki fara zuba ruwa kofi goma. Ruwa ne farko, Saudatu, sannan ki tsiyaya asid kofi guda a kanshi sannu-sannu, fuskarki a gefe, kamar yadda kike kau da kai in an zo rabon aiki. In kika sa asid a ƙasa kika zuba ruwa bisanshi, zafi yake yi shi yi tsartuwa. Ki buɗe ƙofa da taga, kar ki shaƙi tururin. In Madam tana da jabel, wannan ruwan wanki mai warin likita, kar su haɗu ko a mafarki, hayaƙin da suke yi tare kashe mutum yake. Ki shafa da buroshi mai dogon hannu, ki bar shi jim kaɗan, ki ɗauraye da ruwa mai yawa.

In kuwa ya taɓa miki fata ko ido, Allah shi kiyaye, kar ki sa man shanu, kar ki sa komai. Ruwa kawai, ki yi ta kwarara shi ba tsayawa, gwargwadon lokacin da kike surfa tiya guda ta hatsi. Da ragwancinki na san wannan ya kai rabin wuni, to hakan ma ya fi. Sannan ki tafi likita.

In ya yi fari ki gaya wa Madam bawanki ne ya yi aikin, ke dai riƙe buroshi kika yi.

Bawanki da bai taɓa cin ladan bauta ba,
Mutari

*

Tasawa, 25 ga Fabrairu, 1985

Bawana Mutari,

Ina gaisuwa, yaya bayan naka? Allah shi ƙara sauƙi. Mu lafiya lau. Kwalba ta iso, Allah shi saka da alheri, yau kam ka yi abin kai.

Amma kai dai ba ka canzawa. Na karanta wa Baba takardarka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ɗan A'i ko tsufa ya yi ba zai bar tsiya ba. Kofi goma! Ruwa kofi goma in zuba a ban ɗaki, sannan in ɗauraye da wani mai yawa, in kuma ya taɓa ni in yi wanka har a gama surfe. Ka ɗauka na manta shekarar da ka ce min in na wanke baƙar tunkiya sau bakwai za ta yi fari? Na kwashe ruwan randar Gwaggo A'i kaf, na sha duka, kai kana kan katanga kana dariya. Wannan karon ba ka same ni ba.

Kai kana bakin gulbi, ka manta yadda muke. Famfon ma yanzu sai bayan kwana biyu yake zuwa, shi ɗan tsiyaya da safe shi ɗauke. Madam da kanta take tsayawa a kan tano, wannan babbar gangar ƙarfe da suke tara ruwa, tana kallon kowace ƙwarya da anka ɗiba. Abin da na zuba a ban ɗaki daga bokitina ake cire shi.

Ga yadda na yi. Na zuba kofi guda na abinka a roba, na kawo ruwa kofi biyu na zuba a kai. Ya yi tururi, robar ta yi ɗumi, na yi tari har hawaye, shi ke nan. Amma Mutari, ka ga aiki! Kantar nan da na yi wata uku ina fama da ita, tana kumfa tana narkewa ina kallo. Madam ta shigo ta riƙe baki, ta ce ko ranar da anka gina gidan bai yi wannan farin ba. Ranar har da shinkafa ta ba ni. Sai dai jan yana komowa, ta ce in riƙa yi duk sati.

Safar hannun na ba Baba. Ran da famfo bai zo ba shi ke zuwa rijiyar bayan gari, igiya ta tsattsaga mishi tafi, yanzu ya samu sauƙi, shina sa maka albarka. Ni hannuna ya saba, ɗan ƙaiƙayi ne da saɓa kawai.

Bokiti biyuna sun tsaya da ƙafafunsu. Kwana biyu ke nan ina barci kamar mutum.

Uwargijiyarka da ta fi ka wayo,
Saudatu

*

Yamai, 9 ga Maris, 1985

Saudatu ɗiyar Kawu Na Allah,

Ina gaishe ku. Takardarki ta same ni jiya, tun jiyan ban iya cin abinci ba.

Babu wasa ko ɗaya cikin abin da na rubuta miki. Laifina ne da na cuɗa shi da tsokana, na saba ba na iya yi miki magana sai da ita. Wallahi tallahi, na rantse da kabarin uwata A'i, kofi goma kofi goma ne. Ruwa a fara zubawa, asid daga baya. Yadda kika yi, ruwa bisa asid, Allah ne kawai ya tsare ki. Tarin da kika yi da saɓar hannunki, duk shi ne ya fara cin ki.

Kin tuna tabon da ke bayan hannuna na hagu, wanda na ce muku murhu ne ya ƙone ni? Ƙarya na yi, kunya na ji a ce wankin ban ɗaki ya yi min haka. Shekarar da na fara aiki ne. Na yi irin naki don in gama da wuri, ya fantsamo min. Wani ya kawo man shanu ya shafa min, man ya rufe shi a kan fata ya ci gaba da ci. Wata biyu ban riƙe cokali da hannun ba, har yau yatsu biyu ba sa lanƙwasawa sosai. Wannan hannu ne. Ki yi tunani in ido ne.

Na san ruwa ya fi komai tsada wurinku, ban manta ba, ni ma a bakin rijiyar nan na girma. In babu kofi goma, ki bar ban ɗakin da jansa. Ki karɓo safar daga wurin Kawu, zan aiko mishi wata. In kuma ya taɓa ki, duk ruwan da ke kusa, ko na wane ne, ki kwarara, ki buɗe idon da yatsa ruwan shi shiga, ki karkata kai kar shi gangara cikin ɗayan. Kar ki tsaya neman izini.

Ki ba ni amsa da motar Dauda ta gaba, ko layi ɗaya ne.

Ɗan'uwanki,
Mutari

*

Yamai, 20 ga Afrilu, 1985

Saudatu,

Gaisuwa. Dauda ya je ya komo sau uku, hannu wofi. Ya ce ya leƙa kangon bai tarar da kowa ba sai Lailatu a wurin maƙwabta, an ce mishi kun tafi likita ke da Kawu, bai tsaya tambaya ba don fasinja suna jira. Wane ne ba lafiya? Na nemi a ba ni kwana huɗu in zo, an ce in na tafi kar in komo, akwai masu jiran buroshina. Ni ma ƙofarmu cike take.

Kullum in na ɗauki irin kwalbar nan a wurin aiki sai in tuna da ke. Da na sani da na ce miki ban san abin da ake sawa ba.

In fushi kike da ni, ki rubuto ki zage ni, na yarda. Na gaji da wannan shirun.

Mutari

*

Tasawa, 12 ga Mayu, 1985

Mutari,

Ina gaishe ka da iyali. Takardunka biyu duk sun zo. Ba fushi ba ne, majo ne, babban ma'aikacin likita, ya hana ni kallon takarda sai yanzu. Ka yi haƙuri da rubutun, ya fi na da muni.

Takardarka ta rantsuwa ta same ni ana gobe suna. Tun daga layin farko na gane ba wasa kake ba, don tun da nake ba ka taɓa kirana da sunan Baba ba. Na yarda da kai nan take. Na tafi wurin Madam na ce ina son ruwa kofi goma, da na ɗauraya. Ta dube ni a gajiye, jariri a cinya, ta ce, "Saudatu, wata guda kina yi da kofi biyu, yau da famfo ya kwana huɗu bai zo ba za ki ce goma?" Me zan ce? Ni na koya mata kofi biyu. Tano cike yake, amma ruwan wankan jego ne, ƴan ga-ruwa sunka kawo shi a amalanken jaki tun daga bayan gari, uwar mijinta tana zaune kusa da shi kamar mai gadi. Na leƙa ƙofa na ga matan nan zaune. Ka ce in bar shi da jansa, na sani. Na karɓi kofi biyun.

Na yi niyyar fara zuba ruwan kamar yadda ka ce, amma hannu ya riga ya saba. Na zuba asid, na kawo ruwa na juye a kai da sauri don ana kirana in ɗauki tabarmi. Sai ji na yi kamar an soka min garwashi a idon hagu.

Na fito ina ihu. Tsohuwa ta ce a kawo man shanu maza. Madam, Allah shi saka mata, ta ce in matso ta tatsa min nono a ciki, ka san haka ake wa ciwon ido a wurinmu. Ni kuwa ba abin da nake gani sai bayan hannunka. Na ture tsohuwa, Allah shi yafe min, na fizgi ƙwarya na faɗa wa tano. Na buɗe idon da yatsa, na karkata kai, na yi ta kwarara. Suna ta salati, tsohuwa tana cewa na haukace, ruwan mai jego ne. Ni ina zubawa ina surfe a zuciyata, na sa tiya guda a turmi ina kirɓawa, ban tsaya ba sai da na ga dusa ta fita. Lokacin ƙwarya tana kartar gindin tano. Ruwan ya bi tsakar gida ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, an ce matan da ke waje tashi sunka yi suna kallonshi yana shiga rairayi.

Majo ya ce ruwan nan ne ya tsare idon, da mai anka sa da sai dai labari. Ina gani da shi, amma dishi-dishi, rana kuma tana sa shi hawaye. Ya ce watakila shi ƙara washewa, watakila shi tsaya haka.

Madam ba ta yi wanka ba ranar, ba ta yi ba da safen suna, dangin miji sunka yi ta magana. Ba ta zage ni ba. Ta aiko min da naman suna, ta ce in huta a gida. Da na samu sauƙi na koma, sai na gamu da Jummai, ɗaya daga cikin matan ƙofa, tana fitowa da bokiti biyu. Ɗiyanta huɗu, mijinta ya rasu a hanya. Ban iya jin haushinta ba, na dai zauna a inda take zama.

Yanzu ni da Baba muke jan igiya a bayan gari, bokiti guda muke samu in mun yi sammako. Shina taimama ya bar wa Lailatu nashi.

Kwalbar tana can gidan Madam, saura wajen kwata. Shekaranjiya na karɓo safar daga hannun Baba, na tare Jummai a ƙofa na karanta mata takardarka da ta zo da kwalbar daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin kofi goma sai ta tuntsire da dariya, ta ce, "Kai Saudatu, wasa kike." Irin dariyata sak. Na ɗaga ƙyallen da nake rufe idon da shi na nuna mata. Ta daina dariya, ta karɓi safar ta soke a zane. Sannan ta ce, "To in Madam ta ba ni kofi biyu fa?"

Kai da ke bakin gulbi, in kana da amsa ka rubuto in kai mata.

Kar ka bar aikinka ka zo. Kuma don Allah in za ka rubuto ka koma tsiyarka, ka ce min sarauniyar ban ɗaki ko duk abin da ka ga dama. Takardar nan taka ta gaskiya, na fi tsoronta da kwalbar.

Uwargijiyarka mai ido ɗaya da rabi,
Saudatu